Ga ƙanenmu mai shirin zuwa Faris da abokansa

Ƙanenmu, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin karatu a Jamus, za ka sauka a watan Oktoba, shekarunka 23. Abokanka uku sun riga ka fitowa: biyu suna Hungari, ɗayansu ya ba 26 baya, na ukun kuma yana Ingila. Kun shirya haɗuwa a Faris idan an yi hutun ƙarshen shekara, ku yi kwana huɗu, ku ga gari, ku sayi tsaraba, don tun ba ka tashi ba Hajiya da yayyenka mata sun fara ba da sautun turare da atamfa. Kana tambaya ta ina ake farawa, kuma me ya fi cin kuɗi. Allah ya kawo ka lafiya. Amsar ta ɗan yi tsawo, ka yi haƙuri da mu.

Ku fara da takardu. A zumunci ku huɗu ne, amma a wurin hukuma kashi uku kuke, kuma wannan bambanci zai bi ku tun daga kan iyaka har bakin kanti. Kai da 'yan Hungari kuna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, har da Faransa. Mai katin zama na ɗaya daga ƙasashen yankin, ko bizar dogon zama wadda ba ta ƙare ba, yana iya shiga sauran ƙasashen ya yi kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba tare da neman wata biza ba. Sharaɗin shi ne fasfo da kati su kasance a jikinka, na ainihi, ba hotonsu a waya ba. Kar ka ji ana cewa babu iyaka ka bar fasfo a ɗaki. 'Yan sanda kan hau jirgin ƙasa ko su tsayar da bas tsakanin Jamus da Faransa su duba takardu, kuma dokar Faransa ta ɗora wa baƙo ya iya nuna shaidar zamansa duk sa'ad da aka tambaye shi.

Matsalar tana fitowa ne daidai irin lokacin da ka zaɓa. Wanda ya sauka a Oktoba, sau da yawa bizar da ya shigo da ita tana gab da ƙarewa a Disamba ko Janairu, katin kuma bai fito ba. Ofishin kula da baƙi zai ba ka takardar wucin gadi mai suna Fiktionsbescheinigung. Ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka yi wa alama a sashe na 81, sakin layi na 4, ita ce ake fita da ita a dawo. Sauran kuwa, in ka fita da su, dawowar ce za ta zama aiki. Ka duba taka da kyau, ka tambaye su baki da baki kafin ka biya ko sisi na tikiti.

Mutumin Ingila shi ne mai jan aiki. Bizarsa ta karatu ba ta shigar da shi Faransa, sai ya nemi bizar Schengen ta gajeren zama: Yuro 90, da inshorar lafiya ta tafiya mai ɗaukar aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki da tikitin komawa. Duba takardun kan ɗauki kamar kwana 15, amma samun ranar zuwa a miƙa su shi ne ke cinye makonni. An yarda a nema tun wata shida kafin tafiya, don haka ya fara da wuri. Kada kowa ya biya kuɗin da ba a mayarwa sai bizarsa ta fito.

Game da lokaci, da za ku ji tamu da kun ɗaga. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara masauki yana tashi, gari ya cika, ga sanyi, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar na yamma. Bayan haka za ku bar gari ana saura kwanaki kaɗan a fara babban rangwamen shekara. A Faransa doka ce ta tsayar da lokacinsa, sau biyu a shekara, mako huɗu-huɗu: na hunturu a farkon Janairu, galibi Laraba ta biyu, na bazara kuma galibi Larabar ƙarshe ta Yuni. Za ku ga an manna SOLDES a gilashin kowane kanti. Ƙarshen Yuni ya fi muku: katinka ya fito, magariba sai wajen ƙarfe goma na dare, yini ɗaya ya yi muku aikin biyu. In kuwa Disambar ce kawai kowa ke da sarari, duk abin da ke tafe yana nan daram, sai ku ƙara riguna masu kauri da takalmin da ruwa ba ya ratsawa.

Daga Jamus jirgin ƙasa ya fi. Daga Frankfurt awa huɗu ne ko kusa da haka zuwa tashar Gare de l'Est a tsakiyar gari, ba a auna maka jaka, ba a ƙwace maka turare. Mutumin Ingila zai sauka Gare du Nord ta jirgin ƙasa na Eurostar, tafiyar minti goma a ƙasa tsakanin tashoshin biyu. 'Yan Hungari ne za su so jirgin sama mai araha, su kuwa su karanta sunan filin da kyau. Wanda aka rubuta Paris Beauvais yana da nisan kilomita 80 da wani abu daga gari, sai an ƙara kuɗin bas da fiye da awa ɗaya a hanya. Tikitin mai araha ƙaramar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera kawai ya ƙunsa. Duk wanda ya san zai yi sayayya, ya sayi nauyin akwati na komawa tun a intanet lokacin da yake yankar tikiti, domin a bakin ƙofar jirgi kuɗin ninkawa yake yi. Araha ba ta ado.

Wanda ya sauka filin jirgin sama na Charles de Gaulle yana da jirgin ƙasa na RER B zuwa Gare du Nord, tikitinsa Yuro 13 ne a 2025. Tasi kuma kuɗinta a ƙayyade yake: a 2025, Yuro 56 zuwa ɓangaren arewa na kogin Seine, 65 zuwa ɓangaren kudu. Mutum biyu jirgi ya fi musu, mutum huɗu da kaya kusan duk ɗaya ne. Tasin gaskiya a layinta take a waje, da fitila a saman mota. Wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa tasi, tasi, wuce shi kawai.

Wajen masauki, lambar unguwa ta ishe ku jagora. Faris yanki 20 ce, lambobinta suna farawa da 75, biyun ƙarshe su ne yankin: 75018 yanki na 18 ke nan. Mai farawa da 92, 93 ko 94 wajen gari ne, kuma wannan ba aibu ba ne muddin akwai tashar metiro kusa, domin tun Janairun 2025 tikitin metiro da RER kuɗi ɗaya ne duk inda za ka a yankin, in ban da filayen jirgin sama. Ku kama ɗakin da aka rubuta na mutum huɗu. Kama na mutum biyu a shigo da biyu ta bayan fage yana iya sa a fitar da ku da daddare. Akwai harajin kwana da ake karɓa kan kowane mutum kowane dare, wani lokaci ba ya cikin kuɗin da kuka gani a intanet. In gida za ku kama, ku tambaya ko akwai lif: tsofaffin gidajen Faris hawa shida ne da siririyar matakala, kuma su hawan ƙasa sifili suke ƙirga shi.

Maganar kuɗi a gama ta kafin a haɗu, don ita ke ɓata tafiyar abokai. Ku naɗa ma'aji ɗaya, kowa ya zuba karo-karo daidai wa daida na masauki da abinci da sufuri. Kuɗin shiga wurare da na tsaraba kowa ya ji da aljihunsa, domin kamar yadda za ka gani, ba farashi ɗaya za a yi muku ba. Manhaja irin Tricount tana riƙe lissafin wa ya biya me. 'Yan Hungari da na Ingila, in na'urar biya ta tambaye su ko a cire da kuɗin ƙasarsu ko da Yuro, su zaɓi Yuro kullum, canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi na banki tsada. Katin naira kada a dogara da shi. Takardar Yuro 200 ko 500 kuwa ƙananan kantuna da yawa ba sa karɓa.

Metiro ba wuya in ka gane abu ɗaya: kowane layi ana kiran ɓangarensa da sunan tashar ƙarshe. Sortie mafita, Correspondance hanyar canza layi. Layi na 4 shi ne ƙashin bayan tafiyarku, shi ya haɗa Gare de l'Est da Gare du Nord da Barbès da Château Rouge da Châtelet da Cité. Tikiti ɗaya Yuro 2.50 ne a 2025, na bas Yuro 2, kuma na metiro ba ya aiki a bas. Sukan ɗan ƙara kuɗin a farkon shekara. Ana loda su a waya ko a katin Navigo Easy na Yuro 2, kowa da nasa, kati ɗaya ba ya wuce da mutum biyu. Akwai na mako, Yuro 31.60 a 2025, da ƙarin Yuro 5 na kati da ƙaramin hoton fasfo, har filin jirgi yana kai mutum. Sai dai makon nasu daga Litinin ne zuwa Lahadi, ba daga ranar da ka saya ba, kuma daga Juma'a sun daina sayar da na makon da ake ciki. Wanda ya sauka Litinin zuwa Alhamis ta jirgin sama, shi ne riba. Kar wani ya manne a bayan ɗan'uwansa ya wuce ƙofa. Masu duba tikiti a lungun hanyoyin ƙasa suke tsayawa, tarar ta kai Yuro 70, kuma ba sa jin ni baƙo ne. Jiragen RER suna rabuwa reshe-reshe, a duba allo: RER B mai zuwa Mitry-Claye ba ya kai ka filin jirgi. Ku kuma yi alkawari tun ranar farko, in ƙofa ta rufe ta raba ku, waɗanda suka shiga su sauka a tasha ta gaba su jira.

Yanzu ga inda katinka zai yi maka rana. Gidajen tarihi da gine-ginen gwamnatin Faransa kyauta ne ga duk wanda bai cika 26 ba kuma yake zaune a Tarayyar Turai, ko ɗan wace ƙasa ne. Louvre, Orsay, quai Branly, saman Arc de Triomphe, fadar Versailles, duk da katin zama da fasfo za ka shiga, kai da ƙaramin ɗan Hungari. Babban zai biya Yuro 22 a Louvre. Mutumin Ingila, tunda ba a yankin yake zaune ba, Yuro 32 ne a kansa tun daga Janairun 2026. Ka ga dalilin da ya sa muka ce kada kuɗin shiga ya fito daga asusun taro. Ko mai shiga kyauta sai ya kama lokaci a shafin gidan, ya zaɓi tikitin sifili. A shafin gidan da kansa, ba na dillalan da ke fitowa a saman bincike ba.

Louvre ba ta buɗewa ran Talata. Orsay da quai Branly da Versailles kuma Litinin suke hutu. Kada ku ce za ku gama Louvre, ƙafa ce za ta gaya muku gaskiya. Ku ba ta awa uku, ku nufi ɓangaren Denon. Nan Mona Lisa take, wadda za ka tarar ƙaramin zane ne, santimita 77 a 53, a bayan gilashi, da dandazon mutane kowa ya ɗaga waya. Ku yi hotonku ku sauka ƙasa sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, a ɓangare ɗaya suke. Can babu turereniya, ga tasoshin tagulla masu rubutun Larabci, ga darduma da tangaran daga Masar da Iran da Andalus, mutum ya tsaya ya kalla a natse. A sani kuma gidan cike yake da gumaka da zanen tsiraici, wanda abin zai dame shi ya san inda zai bi. Ba a shiga da babban akwati.

Hasumiyar Eiffel ba ta cikin na kyauta, amma 'yan shekara 12 zuwa 24 rabin kuɗi suke biya. An gama ta a 1889, tsayinta mita 330. Zuwa ƙololuwa ta lif kusan Yuro 36 ne ga babba a 2025, hawa na biyu ta matakala 674 kuma bai kai rabin haka ba, kuma daga nan ma an fi gane gari, don daga can sama komai ya zama ƙanana. Ana fara sayar da tikiti a intanet kwana 60 kafin rana. Hoton da kuke so kuwa ba a kanta ake ɗauka ba, a dandalin Trocadéro ne a tsallaken kogi, kyauta. Bayan duhu ya shiga tana walƙiya minti biyar a kan kowace awa. Daga gindinta minti kaɗan ne a ƙasa zuwa quai Branly, inda aka tara kayan tarihin Afirka da Asiya da sauransu, har da mutum-mutumin yumɓu na Nok, daga kudancin Kaduna. Arc de Triomphe ta hanyar ƙarƙashin ƙasa ake isa gare shi, kada wanda ya gwada tsallaka shataletalen. Majami'ar Notre-Dame an sake buɗe ta a Disamban 2024 bayan gobarar 2019, shiga kyauta ne. Ku haɗa wuraren da ke kusa da juna a yini ɗaya, manya biyu sun isa.

Ku sa Juma'a ta faɗo cikin kwanakinku. Babban Masallacin Faris yana yanki na 5, tashar Place Monge a layi na 7. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu a yaƙin duniya na farko suna yi wa Faransa yaƙi. Ku je da wuri, yana cika. A jikinsa akwai wurin shan shayin na'ana'a. Sauran kwanaki, manhajar Mawaqit tana nuna masallatan kusa da lokutansu. Ba a shimfiɗa sallaya a titi. Ku matafiya ne, a tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salla kafin a taso, musamman a hunturu da azahar da la'asar da magariba ke bin juna kusa-kusa. Ƙaramar gorar ruwa a jaka ita ce butarku, bayan gidansu takarda kawai ke ciki. In akwai mace a tafiyar, hijabi ba laifi a titi da kanti da gidan tarihi, amma rufe fuska da niƙabi doka ta hana tun 2011, tararsa har Yuro 150.

Abinci ba zai ba ku wuya ba. Shawarma irin ta Turkawa a can grec suke ce mata, yawanci halal ce, amma a tambaya. Kalmomin gudu su ne porc, jambon, lardons, saucisson, sai vin da rhum a miya ko kayan zaƙi. A gidan abinci ka ce une carafe d'eau, ruwan famfo ne, kyauta, in ka ce ruwa kawai na kwalba za a kawo a caje ka. Kuɗin hidima yana cikin farashi. Kuma duk inda ka shiga, ko kanti ko bas, fara da bonjour. Bafaranshe yana ɗaukar wanda ya fara magana ba gaisuwa kamar yadda muke ɗaukar wanda ya faɗo gida ba sallama.

'Yan sane suna aiki ne inda baƙi suka taru: layi na 1 da na 4, RER B, gindin Eiffel, matakalar majami'ar Sacré-Cœur da ke kan tudun Montmartre. Waya ba ta zama a aljihun baya ko a kan tebur, jakar goyo a juyo da ita gaba a cikin jirgi. 'Yan mata masu allo da biro suna neman sa hannu, mai tsintar zobe a gabanka, masu cacar kofi uku a ƙasa waɗanda masu cin nasarar cikinsu duk mutanensu ne, da masu ɗaura zare a wuyan hannu a ƙasan Montmartre, waɗanda za su kira ka ɗan'uwa don sun ga fatarku ɗaya: hannu a aljihu, non merci, a ci gaba da tafiya. Fasfo da kati a aljihun ciki mai zif, hotonsu kuma a imel. In abu ya ɓata, ofishin 'yan sanda za a fara zuwa a karɓi takardar rahoto, da ita ofishin jakadanci zai saurare ka. Lambar gaggawa 112.

To, sai sayayya. A bar ta sai kwana biyun ƙarshe, kuma a nan ku rabu biyu-biyu ku sa lokacin haɗuwa, don mai neman takalmi ba zai jure tsayuwa a shagon atamfa ba. Sautu kuwa, kar ka karɓi wanda ba kuɗi a hannu. Wanda ya ce sayo min in ka dawo na ba ka, da kuɗin hayarka za ka yi masa. A turo maka hoton abin, da girma, da iyakar abin da za a iya biya.

Ka fito daga tashar Château Rouge, sai ka rantse wani yanki na Afirka ta Yamma aka ɗauko aka dasa. A titin Dejean ga kuɓewa da gauta da attaruhu da doya da busasshen kifi da manja da zoɓo, ga masu gasa masara a bakin tasha, ana Wolof da Bambara da Lingala. Shagunan yadi suna titin Poulet da Poissonniers da kewaye, turame jere har rufi. Litinin yawancinsu a rufe suke. Nan ana ɗan taya kaya, musamman in turmi uku ko huɗu za ka ɗauka, amma ba irin tayin gida na raba kuɗi biyu ba. Atamfar Holan ta gaske, ta Vlisco, a Helmond ake buga ta, yadi shida ce, sunan kamfani da lambar zane suna bakin yadin, kuma gaba da baya kusan ba ka bambancewa. Wadda bayanta ya koɗe, ko aka ce maka Holan ce a kuɗin da bai kai rabi ba, ka san abin da ka saya. Shaddar Getzner kuma daga Ostiriya take. Kafin ka biya, ɗauki hoto ka tura gida a tambayo maka kuɗinta a Kantin Kwari, ka buga da canjin ranar. Sau da yawa za ka ga ba wata riba, ka dai ɗauko nauyi ne, turmi ɗaya ya haura rabin kilo. Abin da ya cancanci saye a nan shi ne zanen da bai iso gida ba. Kai kanka kuma, in ƙaramin gari za ka zauna a Jamus, kayan miyar titin Dejean sun fi maka komai amfani. Ku ci abincin rana a wurin 'yan Senegal ko Mali, ceb wato shinkafa da kifi, ko mafe, miyar gyaɗa ce. Jallabiya da abaya da littattafan addini da miski kuma suna titin Jean-Pierre Timbaud, kusa da tashar Couronnes.

Turare shi ne tsarabar da ta dace da Faris. A saya a Sephora ko Marionnaud ko manyan kantunan titin Haussmann, a karɓi rasit. Eau de parfum ya fi eau de toilette ƙarfi da daɗewa, shi ya sa kwalba iri ɗaya kuɗi biyu. Fesa a fata, zagaya rabin awa, sannan ka yanke shawara. Kantin Galeries Lafayette ko ba ka sayi komai ba ka hau rufinsa, kyauta ne, gari duka a gabanka. Kayan sawa na masu matsakaicin ƙarfi suna titin Rivoli da Les Halles. Manyan sunaye da rangwame suna La Vallée Village, tashar Val d'Europe a RER A, amma yini guda take ci. Lambar kaya ta bambanta: rigar mata mai 38 a Faransa ita ce 36 a Jamus, 10 a Ingila. Kar ka sayi kwamfuta a can, madannanta AZERTY ne, haruffan ba sa inda yatsunka suka saba. Abin da ka saya a cikin kanti, doka ba ta tilasta musu karɓa in ka canza ra'ayi ba, sai in tsarin kantin ne, don haka a gwada kafin a biya. Jaka da agogo da turaren da ake shimfiɗawa a ƙasa a Barbès ko bakin kasuwar Clignancourt jabu ne, kuma a Faransa riƙe jabu ma laifi ne: kwastan na iya ƙwacewa su ci tara har ninki biyu na kuɗin na gasken.

Za ka ji ana cewa ana mayar wa baƙi haraji, détaxe. Gaskiya ne, amma katin da ya shigar da kai Louvre kyauta shi ya fitar da kai daga wannan. Na wanda ba ya zaune a Tarayyar Turai ne kawai. A cikinku mutumin Ingila ne kaɗai ya cancanta. Zai sayi kayan da suka haura Yuro 100 a kanti ɗaya, ya nuna fasfo na ainihi a ba shi takarda mai lamba, ranar tafiya ya nuna ta ga na'urar kwastan mai suna PABLO a Gare du Nord ko filin jirgi kafin ya ba da akwati. Harajin kashi 20 ne, abin da ke dawowa hannu bayan kamfanin ya cire nasa wajen kashi 12. Kada ku ce ya rubuta kayanku da sunansa. Kwastan na iya cewa a nuna kayan, kuma dole su fita daga Tarayyar tare da shi. Shi ma ya tuna Ingila ba ta karɓar haraji ne kawai in kayan ba su wuce na fam 390 ba.

Daren ƙarshe a haɗa kaya, ba da safe ba. Ƙaramin ma'aunin rataye na 'yan Yuro kaɗan ya ishe ku duka. Masu jirgin sama, duk kwalbar da ta wuce mililita 100 ta shiga babban akwati a naɗe cikin atamfa, domin girman kwalbar ake dubawa, ko da rabi ne a ciki, kuma wadda aka kama a jakar hannu kwandon shara za ta. Manja da man shafawa ma ruwa ake ɗaukarsu. Rasit duka a ambulan ɗaya, kowane sautu a rubuta sunan mai shi a jikin ledarsa. Masauki kan so a fita da ƙarfe 11 ko 12 na rana, in jirginku na yamma ne ku roƙi a ajiye muku kaya, ko ku kai su ma'ajiyar Gare du Nord. Ma'aji ya rufe lissafi a raba canji kafin a watse. Mai zuwa Charles de Gaulle ya bar tsakiyar gari awa uku da rabi kafin tashi, don RER B yakan tsaya ba sanarwa, mai zuwa Beauvais kuma ya ƙara awa ɗaya a kai.